Idon da na ɓoye a bayan gashi

Shekaru da dama ke nan, lokacin ƙasar nan ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, muna haya a ɗaki ɗaya a unguwar Nima, ni da mijina da 'yarmu ta fari. Tun kafin wani abu ya faru ni a tsorace nake. Haka Allah ya yi ni. In yarinyar ta yi dogon barci sai in kai yatsa bakin hancinta, in ta ƙi barci sai in ce wani abu ne ke cinta a ciki. Amma abin da ya fi hana ni sukuni shi ne gashinta.

Gashina mai tauri ne, in aka yi mini kitso sai ya yi wata guda yana nan inda aka ajiye shi. Nata kuwa na dangin ubanta ne, mutanen Nijar masu jinin Fulani. Bayan askin suna ya fito da laushi, baƙi wuluk, shi ba miƙaƙƙe ba, shi ba nannaɗaɗɗe ba, yana tafiya yana lanƙwasa. Ban taɓa riƙe irinsa a hannuna ba. In na yi mata kitso da safe, kafin la'asar ya zame. Na bayan ma da sauƙi, ana tattara shi a ɗaure da zare. Na gaban goshin ne ba ya jin magana. Sai ya sulale ɗaya bayan ɗaya ya sauko mata kan ido, tana wasa tana ture shi da bayan hannu. Ga iskar teku mai damshi, da hadari ya haɗu sai gashin ya kumbura ya ninka kansa.

Tana da shekara uku lokacin da maƙwabciyata, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu, ta yi maganar da ta shiga kaina. Har na haihu ba ta daina kirana Amariya ba.

"Amariya, ki ɗauke gashin nan daga idon yarinyar," in ji ta, tana juya ƙosai ko kallona ba ta yi. "Idon da gashi ke taɓawa juyawa yake yi. A garinmu akwai wata, haka nata ya fara. Yanzu in tana miki magana sai ki waiwaya, ki ga ko da na bayanki take."

Ta faɗa ta manta. Ni kuwa kwana uku ina tauna maganar. In ina wanki ina kallon gashin, in ina girki ina kallon gashin, har miya ta kama.

Mijina tela ne, shagonsa na wajen Kasuwar Malam Atta. Yana da wani babban almakashi da yake ji da shi, yana naɗe shi a ƙyalle ya dawo da shi gida kullum. Ko takarda bai yarda a yanka da shi ba. Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar jakarsa a rataye, ni kuma na ce yau za a yi ta. Na wanke wa yarinyar kai da sabulun salo, na taje na gaban yana jiƙe, na kama shi tsakanin yatsu biyu na ja har ya miƙe sak, na yanke daidai gira. Ya kwanta lif, ya yi kyau. Har na ɗauko madubi ina nuna mata, ina jin kaina gwana.

Sai ya fara bushewa. Ina tsaye ina kallo yana ja da baya, yana lanƙwashewa yana hawa, har ya bar goshin gaba ɗaya ya tsaya a can sama cirko-cirko kamar tukkun ɗan tsako. Na jiƙa ya sauko, ya bushe ya koma. Sau uku.

Da mijina ya dawo ya ga silin gashi a maƙale a mahaɗin almakashi. Ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya dube ni.

"Ko yadin mutane ana bar masa rara, don in ya sha ruwa ya bushe zai tsuke," in ji shi. "Ke kin yanka daidai awo. Da a shago ne, yau kin biya yadi."

Ya yi ta dariya, yarinyar na taya shi ba ta san da ita ake ba. Ni ma na yi.

Dariyar ba ta kai mako ba. Wata rana da la'asar ta gaji da wasa, ta zo ta jingina da gwiwata ta ɗago fuska. Yanzu goshi a buɗe yake, babu abin da ya tare. Na ga baƙin idonta na dama yana kallona, na hagun kuma ya ɗan zame wajen hanci. Na kira ta, ta ƙifta, ya dawo daidai. Na ce ƙila idona ne. Washegari na sake gani. Ba kullum ba, sai in ta gaji ko tana kallon abu kusa.

Abin da na gaya wa kaina shi ne na makara. Gashi ya riga ya juya idon, kuma ni ce na bar shi shekara uku yana shiga. Ban gaya wa kowa ba. Na san abin da za a kira ta a layin famfo, na taɓa jin ana kiran wata harara-garke har da aurenta. Na san kuma abin da za a ce da uwar da ta zauna ta zuba ido.

Sai na fara ɗaura mata ɗan kallabi, ina jawo shi ƙasa ta gefen hagu. Da gashin ya fara tsawo sai na samu abin da ya fi kallabi. Na yi mata tsaga a can gefen dama, na kwantar da gashin gaba duka ya gangaro ta hagu, na dame shi da man kaɗe don kada iska ta ɗaga. In ka gan ta, ido ɗaya ne a fili, ɗayan yana leƙe ta bayan gashi. Wato gashin da na saci almakashi don in raba shi da idon, shi na dawo ina lallaɓawa ya rufe idon. Har yanzu in na tuna sai in rasa inda hankalina ya tafi. A raina ina cewa abin da ya lalace ya riga ya lalace, saura in rufa mata asiri.

Kuma na gwanance. Mata suka fara yabawa. Wata a gidanmu ta kawo mini 'yarta wai in yi mata irin na tawa, na ce gashin ba iri ɗaya ba ne. Goshin yarinyar ya feso da ƙuraje saboda yawan mai, na ce zafi ne. Ta zuba ruwa a gefen kofi maimakon cikinsa, na ce ƙuruciya ce. Ta kuskure katakon da ake takawa a tsallake kwata, ta kurje gwiwa, na ce rawar kai ce. Kowane abu ina da amsarsa, amma da zarar ta fita wasa sai in kasa zama. In leƙa, in dawo, in sake leƙawa, in kira ta in gyara gashin, ta koma, iska ta taso, in sake kira. Wata takwas ina wannan aiki.

Mijina yana da yaya a unguwar Kotobabi, mai sayar da atamfa. Mace ce mai baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru, shi ya sa nake kaffa-kaffa da ita. Ta tafi gida Nijar ta daɗe, ni kuwa ina murna a ɓoye. Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla sai ga ta da tsarabar kilishi. Ta zauna a tabarma, ta jawo yarinyar.

"Wa ya yi wa 'yata wannan lafta-laftan mai? Tuya za ki yi da ita?"

"Yaya, gashin ne ba ya zama."

"Ba ya zama don ba ki san shi ba. Miƙo mini ruwa da mataji."

Na ce ai na riga na gyara mata da safe. Ta ce ta gani, shi ya sa ta ce a miƙo ruwa. Na tashi na ɗebo ruwan. Kafin in juyo ta sa tafin hannu ta share gashin baya.

Ta ƙura wa idon ido. Sai ta rufe wa yarinyar idon hagu da tafinta, ta ɗaga goro da ɗaya hannun.

"Uwata, mene ne wannan?"

"Goro."

Ta mayar da tafin kan idon dama, ta ajiye goron ta ɗauki marfin kwano. Yarinyar ta fara murɗa kai tana neman leƙawa ta gefen hannun. Yaya ta riƙe. Ta ce mene ne wannan. Yarinyar ta ce goro, sannan ta fashe da kuka tana ture hannun.

"Tun yaushe?" in ji Yaya.

Na ce ban sani ba.

"Wadda ta iya wannan tsagar ta sani. Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata har da maganar mai koko, da almakashin, da komai. Na jira ta wanke ni tas. Sai ta zame ɗankwalinta, karo na farko da na ga kanta a buɗe. Gashin iri ɗaya ne sak da na 'yata, sai dai furfura.

"Dube ni. Mu bakwai uwarmu ta haifa da wannan gashin, a cikinsa muka yi rarrafe. Kin ga mai juyayyen ido a cikinmu? Ke komai aka faɗa a bakin kaskon ƙosai sai ki ɗauka ki kai ɗaki. Gobe ki shirya, asibiti za mu."

Da yamma na gaya wa mijina, ina kallon ƙasa. Ya yi ta murza hularsa a gwiwa.

"Na gani tun watan azumi," in ji shi. "Na ɗauka ke ba ki lura ba. Na san halinki, na ce in na faɗa ba za ki ƙara cin abinci ba."

Ashe mu biyu ne a ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa ido ɗaya. Ban san ko in yi kuka ko in jefe shi da ludayi ba.

Torotoro biyu, motocin haya, muka hau kafin mu kai asibitin da ake duba ido. Muka yi layi tun safe har rana ta take. Likitan na magana da Turanci, nas na juyawa da Tuwi, yaren mutanen garin, Yaya na juya mini da Hausa, tana ƙara nata a ciki. Ya haska fitila, ya ɗiga magani, ya nuna hotuna. Tambayar farko da na roƙi Yaya ta yi masa ita ce ko gashi ne ya jawo.

Ya ce a'a. Gashi ba ya juya ido. Da abinta ta zo, akwai yara da yawa haka. Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Amma bai gama ba. Ya ce idon da ya karkace, yaro yakan daina aiki da shi, in ya daɗe ba ya aiki sai ganinsa ya yi ta raguwa, in aka girma a haka ba ya dawowa. Ya tambaya ko ana rufe mata shi da wani abu. Yaya ta dube ni. Ban jira ta juya ba, na gyaɗa kai.

"Ya ce rufewa kam ana yi," in ji Yaya. "Sai dai ke marar lafiyar kika rufe. Mai lafiyar ake rufewa, don ragon ya tashi ya yi aiki."

Nas ta manna mata auduga da filasta a idon dama. Aka ce za a yi mata tabarau, mu riƙa dawowa ana dubawa. Aka ce kada komai ya tare idon hagu, ko sili ɗaya.

A hanyar dawowa na gane abin da ke gabana. Idon da na yi wata takwas ina ɓoyewa, shi kaɗai zai rage a fuskarta, kowa a Nima ya gani.

Ina isa gida na ce a aske gaban kawai a huta. Yaya ta ce in aka aske, wata biyu zai fito tsaye yana sokin ido, mu koma gidan jiya. Ta ce wannan gashin ba a kokawa da shi, hanya ake nuna masa. Ta wanke man nan duka, ta ƙi taɓa almakashi sai da kan ya bushe sarai, kowane sili ya lanƙwasa yadda yake so.

"A bushe ake yanka shi, yadda zai zauna a kai. Kuma ba a ja. Kin ji ko, gwanar aski?"

Ta sa tsinken kitso ta tsaga daidai tsakiya. Ta ware ɗan kaɗan daga gaba, ta mayar da sauran baya ta ɗaure. Ta daidaita ɓangarorin biyu, mafi gajarta ya tsaya a ƙashin kunci, yana ƙara tsawo yana gangarawa wajen kunne. Ba ta yanka a kwance ba, bakin almakashin take ɗagawa sama tana ɗan tsinke ƙarshen kaɗan-kaɗan, ta ja baya ta duba, ta sake. Sannan ta jiƙa gaban kawai, ta lakato man kaɗe kamar ƙwayar shinkafa ta narkar a tafi, ta naɗe kowane ɓangare a yatsa tana juya shi waje, nesa da fuska. Na kai hannu zan gyara, ta buge hannun.

"Sai ya bushe. In kika taɓa yanzu zai tashi. Kuma kada in ga mataji a kansa in ba a jiƙe yake ba."

Da ya bushe sai ya buɗe biyu kamar labulen ƙofa da aka ɗage, kowane gefe ya lanƙwasa ya bi kunci. Fuskar ta fito fili. Filasta a dama, karkataccen ido a hagu.

Washegari na ɗauki bokiti zan tafi famfo. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa, ina tunanin in bar ta a ɗaki. Hannuna har ya kai kan gashin don ya saba. Na janye, na kama hannunta muka fita.

Mai koko ce ta fara gani.

"Ei, Amariya. Ban gaya miki ba?"

"Kin gaya mini, Mma. Likita ya ce ba gashi ba ne."

"To, likita ya fi ni karatu." Ta tsamo ƙosai ɗaya ta hura, ta miƙa wa yarinyar. Yarinyar ta kai hannu ta kama iska. Mma ta kamo hannun ta saka mata a ciki, ta ce, "Gobe ke za ki ɗauka da kanki." Tun daga ranar kullum da safe sai ta ɗaga mata ƙosai, yau ta nan, gobe ta can, wai ita ma tana nata maganin.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ta ɓalle filastar ta jefa a kwata ya fi a ƙirga. Ta yi karo da turmi, ta yi karo da ƙofa. Yara sun kira ta sunan da nake tsoro, ta dawo ta tambaye ni ma'anarsa, na ce suna ne na masu jiran tabarau. Kullum da safe ina jiƙa gaban gashin, in naɗa a yatsa, in zauna a kan hannuwana har ya bushe. Bayan kwana biyu in wanke gaban kaɗai saboda zufar goshi. Ranar da hadari ya haɗu ya kumbura, in soke kowane gefe a bayan kunne. Ƙurajen goshi suka mutu. Ni dai ban daina leƙen idon ba, sau ashirin a wuni, ina neman alamar da ban san kamarta ba.

Alamar ta zo ne wata rana ina tsintar shinkafa a faifai. Yarinyar na zaune kusa da ni da filastarta, tabarau a kai. Ban ce ta taya ni ba. Sai na ga ɗan yatsanta ya sauka a faifan, ya ɗauke wata tsakuwa ƙarama, fara, wadda ni na wuce ta. Ta ajiye a tafina ta ci gaba da neman wata. Na rufe hannuna a kan tsakuwar. Shinkafar ranar sai da la'asar aka ci ta.

Idon bai miƙe duka ba. Har yau in ta gaji yana ɗan zamewa, kuma ganinsa bai kai na daman ba. Tana karatu da shi, tana zura zare a allura, ta yi aure ta haifi nata. Likitan ya taɓa cewa da an kawo ta da wuri da ya fi haka. Yaya ba ta juya mini wannan ba, ni na tsinta da ɗan Tuwin da nake ji a bakin nas. Ban san nawa ne daga ganin 'yata ya tafi a wata takwas ɗin nan ba, kuma babu mai iya gaya mini. Ita 'yar tawa ta ce in daina lissafi. Na ce to, amma ban daina ba.

Abin da na gane shi ne ba wauta ce kaɗai ta sa ni ba. Na fi tsoron abin da za a gani a kan abin da yarinyar za ta gani.

Don haka ga roƙona, ke mai ƙaramin yaro a gida. Gobe da rana, ki share masa gashi daga fuska. Ki rufe ido ɗaya da tafinki, ki ɗaga wani abu ki tambaye shi mene ne. Ki sake da ɗaya idon. In ya ture hannunki a gefe ɗaya kawai, kada ki jira Salla, kada ki jira kowa ya dawo daga tafiya. Ki kai shi a duba.